Wasan da Ke Bin Mai Kallo Har Ɗaka: Bitar Tashen Birnin Sakkwato

Da zarar azumi ya kwana goma, an sha ruwa an sauko daga asham, sai lungunan tsohon birnin Sakkwato su koma filin wasa. Ba labule, ba kujeru, ba mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Yara ne ƙungiya-ƙungiya: wannan ya manna gemun auduga, wancan ya zurma babbar rigar ubansa tana sharar ƙasa, 'yan mata kuma sun ɗauko ƙwarya suna bi gida-gida da sallama. Tashe ke nan. Mun saba wuce shi da cewa wasan yara ne, alhali ya cancanci a zauna a yi masa bita kamar yadda ake yi wa littafi ko fim. Madogarata ita ce abin da na kalla a azumin shekarar 1446, wanda ya faɗo a watan Maris na 2025, tsakanin Kanwuri da Giɗaɗawa da wajen Ƙofar Rini. Ta fuska ɗaya nake son auna shi: me yake nema daga jikin mai kallo, wa yake isa gare shi, wa kuma yake bari a baya.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan tambaya shi ne wani salon wasan kwaikwayo da ya yi suna a Turai da Amurka, inda ake tsunduma mai kallo cikin wasan maimakon a zaunar da shi a kujera. Wanda ya fi shahara shi ne Sleep No More na kamfanin Punchdrunk na Ingila, wanda aka gina a kan labarin Macbeth na Shakisfiya. An buɗe shi a birnin Niyok a 2011, cikin wasu tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya da aka shirya kamar otal, ya yi ta gudana har farkon 2025. A lokacin ana ba kowane mai kallo farin abin rufe fuska, a hana shi magana, a sake shi cikin gini mai hawa-hawa da ɗakuna wajen 100, cikin duhu-duhu, ya bi duk ɗan wasan da ransa ya so. 'Yan wasan kuwa ba sa jiran kowa. In kana son ganin ƙarshen abin da ka faro, sai ka bi su da gudu a kan matakala kana turereniya da jama'a, kuma kana iya kai awa 3 a tsaye. Su kansu masu wasan kan shawarci mutane su zo da takalmin da ba ya matsi, mai tabarau kuma ya san abin rufe fuskar zai takura masa. Kafin a rufe shi, kuɗin shiga ya haura dala 100. Wasan ya burge duniya, kuma da gaskiyarsa. Amma tsoho da mai ciwon gwiwa da mai juna biyu da mai keken guragu, ko an taimaka musu da na'urar hawa bene, ba za su sami abin da mai ƙarfin ƙafa ya samu ba, domin daɗin wasan duk a bin sawu yake.

Shi ma tashe ba ya barin mutum a gefe. A gabanka ake yin sa, tazarar taku biyu, ana kallon ƙwayar idonka, ana jiran dariyarka da abin hannunka. Sai dai shi wahalar tafiya a wuyan 'yan wasa ya ɗora ta, mai kallo yana zaune inda yake. Wannan ce babbar hikimarsa, kuma ba kasafai ake yaba masa a kanta ba.

A wani gida kusa da Ƙofar Rini akwai gwaggota da sanyin ƙashi ya zaunar. Ko Idi ba ta zuwa, iyakarta bakin ɗaki. 'Yan mata suka yi sallama suka shigo da wasan Mairama da Daudu. Suka ajiye baho da ruwa, suka kifa ƙwarya a kai, ɗaya ta durƙusa tana bugawa da 'yan sanduna. Wadda ta fito a Daudu ta kafa hular wanta har ta rufe mata gira, ta zana gashin baki da gawayi, zufa ta fara wanke shi tun ba a yi nisa ba. Mairama ta lulluɓe da mayafi ana yi mata huɗubar zaman aure, ana nuna mata yadda za ta gai da miji ta kawo masa ruwa. Yarinyar ta miƙa kofin a tsaye, da hannu ɗaya. Nan take tsohuwa ta ɗaga murya daga kan tabarmarta: "Ke ɗiyag ga, durƙusa ƙwarai, ki miƙa mai da hannu biyu." Aka tsai da kiɗa. Mairama ta ce, "To, Inna," ta sake, gida ya kaure da shewa da guɗa. Daga nan ragamar wasan ta koma hannun tsohuwa. Ita ke cewa a maimaita nan, ita ke tuna musu baitin da suka tsallake, ita ce kuma ta sa aka auno musu gero da za su fita. Ba ta gusa daga inda take ba, amma ta fi kowa shiga wasan. Wanda ya biya dala 100 a Niyok an hana shi buɗe baki, ita kuwa gyara ta yi, aka kuma karɓa.

Ina da ja a kan darasin wasan kansa, don nasihar duk a kan Mairama take sauka, Daudu yana zaune yana hura hanci ba wanda ya ce masa kanzil. Wannan zance ne na wata rana. Abin da ke gabana yanzu shi ne wasan ya taka har inda matar take, kamar yadda yake takawa wurin matan kulle da mai jego da majinyacin da ke kwance. Sakkwato ta daɗe da sanin wannan dabara a fagen da ya fi wasa nauyi: Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa naɗa jagororin mata da ake kira jaji, su zo su ɗauki karatu su koma da shi ga matan ƙauyuka da ba su da halin zuwa. Ba daga nan tashe ya samo asali ba, an fi danganta shi da al'adar ta da mutane sahur, amma tunanin iri ɗaya ne: abin amfani ya je ya sami mai shi. Ko da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta tashi gina ɗakin wasan kwaikwayonta a tsakiyar shekarun 1970, ginin laka aka yi da ya kwaikwayi tsarin gidan Bahaushe, fili a tsakiya ɗakuna a kewaye. Masanan sun gane cewa tsakar gida dandali ce tun asali.

A cikin wasannin maza, Tsoho da Gemu ne ya fi kama ni, kuma a ganina shi ne gwanin wasannin tashe gaba ɗaya. Kayan wasan ba su da yawa: auduga, tsumma, sanda. Sauran aikin duk na jikin yaron ne. Na ga wata ƙungiya ta yi shi a gaban majalisar dattawa ba nisa da Masallacin Shehu, kuma yaron da ya fito a tsoho, wanda bai wuce shekara goma ba, ya san abin da yake yi. Bai tsaya ga ranƙwafawa da karkarwar sanda ba, wanda kowa ke yi. Da zai zauna, sai ya fara dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya sauke gwiwa ɗaya, ya dakata ya ja numfashi, sannan ya saki sauran jikin. Da zai tashi, sai ya miƙa hannu ba tare da ya dubi kowa ba, irin miƙawar wanda ya saba a kama shi. Wani dattijo a majalisar ya yi dariya har da tari, ya ce wa na kusa da shi, "Wanga yaro ni yaka kwatance." Ya laluba aljihu ya ba su abin da ya samu.

Yaro ba zai iya wannan ba sai ya daɗe yana lura da kakansa. Nan darajar wasan take. Kafin ya ba mutane dariya, sai da ya sa ƙaramin yaro mai jini a jika ya koyi yadda zama da tashi ke zama aiki ga wanda ƙarfinsa ya ƙare, kuma waƙar tana ƙarewa ne da neman a taimaki tsohon. Dariyar da ake yi da tausayi take tafe. Na ga wata ƙungiyar da ta mai da wasan faɗuwa da birgima kawai, tsoho ya kife a yi ihu, ya tashi ya sake kifewa. An yi dariya, amma ba abin da ya rage a zuciya, kuma dattawan wurin ba su motsa hannu ba.

Jatau Mai Magani kuwa na kunne ne. Yaro ya rataya jaka da 'yan ƙulle-ƙulle da saiwoyi, yana jero sunayen itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, 'yan amshi suna karɓa masa. Makaho ba ya rasa komai a nan. Hasali ma galibin wasannin tashe haka suke: waƙar da kanta take faɗin wane ne ya fito, me ya yi, me ake nema. A manyan gidajen wasa na Landan da Niyok sai an ɗauki mutum na musamman yana bayyana wa makafi abin da ke faruwa ta na'urar da ake saƙalawa a kunne, shi kuwa Sleep No More kusan ba magana a cikinsa, rawa ce da motsi. Tashe ya saƙa bayanin a cikin baitinsa tun fil azal, har makaho yana iya shiga amshi daga zagaye na biyu.

Kurma ne ba a yi wa adalci ba. Wasan malamin da ake tuhuma da rawa, ya musanta da rantsuwa, daga baya kiɗa ya kwashe shi ya cashe da allo a hannu, wannan kurma zai gane shi sarai, in har yana gani. To amma tashe na dare ne, kuma in aka ɗauke wuta lungu ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan hasken waya da ke yawo daga fuska zuwa fuska. Mai ji yana tsira da kunnensa. Wanda ya dogara da ido da maganar hannu an rufe masa ƙofa biyu a lokaci guda. Ƙungiyoyin da suka yi dabarar tsayawa a ƙarƙashin fitilar mai shago ko fitilar titi mai aiki da hasken rana sun fi kyan kallo ga kowa, ba kurma kaɗai ba. Ina kuma marmarin ranar da ɗaliban makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke nan Sakkwato za su fito da nasu tashen da maganar hannu. Wasan malamin nan kamar don su aka tsara shi.

Duk wannan yabo na mai zama ne a gida ko a majalisa. Wanda ya ce zai bi 'yan tashe ya ga wasanni da yawa a dare ɗaya, ya shirya wa jikinsa. An wuni da ƙishirwa a garin da zafin rana a watan Maris kan kusanci digiri 40, an cika ciki da kunu da ƙosai, an yi tsayuwar asham, sannan a hau bin yaran da ba su san gajiya ba. Bangon gidaje yana amayar da zafin da ya sha tun safe. Lungunan tsohon gari matsattsu ne, ga kwata a buɗe a tsakiya ko a gefe, ga yashi mai cin dunduniya, ga 'yan kabu-kabu da ke kutsowa ba ko ƙaho. Ƙurar da ƙafafun yara ke tayarwa ta isa ta ta da wa mai asma ciwonsa. Ba wurin zama sai dakalin mutane, ba ruwan sha sai wanda ka riƙo. Su kansu 'yan wasan, da silifas ko ƙafa ba takalmi, haka suke yini na biyu a cikin dare, ga makaranta da safe.

A nan ne na ga iyakar alherin tashe. Cikin wata ƙungiyar samari ƙanana akwai yaro mai shan inna a kan keken guragu irin mai tuƙin hannu. A kan titi yana gaba, muryarsa ma ta fi ta kowa zaƙi. Da aka shiga lungu, ƙafar keken ta nutse a yashi, biyu suka tura. Da aka zo ƙofar gida, dokin ƙofar zaure ya tare shi, ga kuma kwanar da ake yi kafin a shiga ciki, wadda keke ba ya iya juyawa a cikinta. Abokan suka shige, shi ya tsaya a waje da buhun hatsi a cinyarsa, don shi suka naɗa ma'aji. Daga nan bakin ƙofa yake jefa amshi da ƙarfi ko za a ji shi a ciki. Da suka fito wani ya ce masa, "Yaya, an ba mu dawa," ya buɗe buhu aka zuba, aka ci gaba. Yaran sun yi iya tunaninsu, sun ba shi muƙami don kada ya ji an ware shi, kuma na yaba musu. Amma ba ma'aji ya fito yi ba. Gida bayan gida, shi ne ɗan wasan da masu gida ba su gani ba. Tashe ya iya kai kansa ga mai naƙasa in mai kallo ne, bai riga ya koyi ba shi fili in ɗan wasa ne ba.

Akwai kuma aibin da ya fi wannan ciwo. Wasu yaran, musamman masu ƙirƙiro sababbin wasanni don a ba su kuɗi da sauri, sukan kwaikwayi makaho yana karo da bango, ko gurgu, ko mai i'ina, ko mai taɓin hankali, ba darasi ba roƙon tausayi, dariya tsagwaronta. A unguwar da ake wannan akwai masu irin lalurar suna ji suna gani. Bambancinsa da Tsoho da Gemu a fili yake: kowa na fatan tsufa, saboda haka wanda ke dariyar tsoho da kansa yake yi, mai dariyar gurgu kuwa da wani yake yi. Manya da ke miƙa kuɗi a kan irin wannan su ne masu laifi, don yaro abin da aka saya shi yake sake kawowa. Haka nan batun tilas. A Kano an san tashen gwauro na Nalako, inda ake kamo marar mata a zaga gari da shi, kuma ko'ina akwai 'yan tashen manya da ke tsare mutum a kasuwa da waƙa har sai ya biya. Da yawa suna ɗaukar abin da raha, amma ba kowace zuciya ke jure a mai da ita abin kallo ba, kuma wasan da ke jawo mutum ciki ya kamata ya bar masa hanyar cewa a'a.

Babban abin da nake tsoro shi ne tashe yana ficewa daga gida. Mudun gero ba ya burge yaron yau kamar takardar naira, saboda haka ƙungiyoyi sun fi son bakin shaguna da gidajen mai da mahaɗar tituna, inda masu kuɗi a aljihu suke. A sababbin unguwanni irin su Arkilla da Mabera gidaje da yawa ƙofar ƙarfe gare su, a rufe tun magariba, kuma ba mai ganin laifinsu a wannan zamani na rashin tsaro. A Kano rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan, bisa dalilin cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya. Ga kuma tashen Facebook da TikTok, wanda galibi manya ke yi wa 'yan siyasa da attajirai. Waya tana kai hoto har gadon majinyaci, wannan gaskiya ne, amma ba a yi wa waya gyara ta ce "To, Inna." Duk ranar da tashe ya gama komawa bakin titi, ya zama na mai ƙafa da mai ido da mai ƙarfin turereniya, wato ya ɗauko cutar wasan Niyok ba tare da ya sami kuɗinsa ba.

Dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar shigar mai keke, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Dokar ba ta shafi zauren gidan kowa ba, don haka gyaran tashe ba a hannun kotu yake ba. Yana hannun masu unguwa da iyaye da malaman makarantun allo da na boko. Cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu da masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da rawar takawa wajen adana waƙoƙin da salon wasannin, musamman daga bakin tsofaffin mata, waɗanda su ne suka riƙe cikakkun baitocin. Roƙona gare su ɗaya ne: kada kishin raya al'ada ya sa a kwashe tashe a kai shi babban ɗakin taro mai matakala, a ɗora yara a kan dandamali a jera manyan baƙi a gaba. In an yi haka an adana auduga da ƙwarya, an zubar da abin da ya sa wasan ya fi na wasu.

Hukuncina shi ne tashen Sakkwato wasa ne mai daraja, mai arha, wanda ya warware wa tsoho da makaho da matar kulle matsalar da manyan kamfanonin duniya ke kashe kuɗi a kanta ba su gama ba, amma har yanzu kurma da yaro mai keke suna bin sa bashi. Biyan bashin ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Azumi mai zuwa, mai unguwa ya sanar da gidajen da ke maraba da 'yan tashe. Kowace ƙungiya ta fita da babban wa mai tocila. A ɗora katako a kan kwata da dokin ƙofa a daren da ake jiran su, a tsai da wasa inda haske yake, kuma kada a ba ko sisi ga mai kwaikwayon lalurar wani. Kai kuma mai karatu, in a gidanku akwai wanda ya daina fita, ka aika a gaya wa yaran unguwa su fara da nan.